Bokitin Digiri

A layin masu gyare-gyare, tsakanin shagon mai agogo da na mai facin taya, akwai wani ɗan shago da allonsa ya fi ƙofarsa faɗi. Abin da aka rubuta a allon shi ne: Ofishin Ba da Shawara kan Ƙasar Noma da Taki. Shekara bakwai allon yana nan, kuma ba a taɓa ganin manomi ya shiga da tambaya ba, sai fa in makullin gidansa ne ya ɓata. Mai shagon dai makulli yake yankawa. Kowa a layin ya san haka, har yaran makaranta da ke wucewa, mutum ɗaya ne kawai bai yarda ba, shi ne mai shagon. Ana ce masa Digiri, yana kuma amsawa da fara'a, don shi bai taɓa ɗaukar sunan a matsayin tsokana ba.

Karatu kam ya yi shi, ba mai ƙwace masa wannan. Shekara huɗu ya yi a jami'a yana nazarin ƙasar noma, da bashin karatu da ya sa wa hannu yana ɗan shekara goma sha tara ba tare da ya karanta ko layi biyu na takardar ba. Da ya gama ya zaga ofisoshi neman aiki har takalminsa ya buɗe baki. Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya shekara talatin yana yanka makulli, ya ce ya zo ya riƙa zama a shago kafin aiki ya fito. Digiri ya ce to, amma na wata uku ne kawai. Kawu bai yi masa musu ba, ya miƙa masa magagari ya nuna masa benci.

Makon farko bai yi daɗi ba. Akwai ranar da ya lalata makulli uku a kan kwaɗo ɗaya, mai kwaɗon yana tsaye yana kallonsa. Digiri ya zare na ukun daga injin ya yi jifa da shi har tsakiyar titi, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ya tafi gida. Washegari yunwa ta dawo da shi. Daga ranar ya ɗauko wata ɗabi'a da ya koya a jami'a, inda aka hana su zubar da samfurin ƙasa ba tare da an rubuta bayaninsa ba. Duk makullin da ya lalata sai ya ɗaura masa ɗan kwali da zare, ya rubuta kwanan wata da irin kuskuren: haƙori na biyu ya yi zurfi, hannu ya yi rawa, an ɗaure shi a karkace. Kawu yakan yi dariya ya ce bai taɓa ganin mai yi wa kuskurensa takardar haihuwa ba.

Bayan shekara biyu kawu ya rasu, ya bar masa shago da inji da masu kawo aiki. Digiri ya tafi ofishin haraji ya yi rajista a matsayin mai zaman kansa, kuma a nan ya tafka abin da ya tafka. Da ya zo layin da aka ce a rubuta sana'a, sai hannunsa ya ƙi. Ya dubi mutanen da ke gefensa, ya tuna hoton da ya ɗauka da rigar kammala karatu, ya rubuta mai ba da shawara kan ƙasar noma. Daga can ya wuce wurin mai fenti ya sa aka yi masa allo, ya kafa shi a kan tsohon rubutun kawu. Ya buga littafin rasit da wannan sunan a sama, kuma ko kwaɗon bayan gida ya gyara sai ya rubuta kuɗin hidima. In aka tambaye shi yakan ce makulli na wucin gadi ne.

Wucin gadin nan ne ya yi masa aure, ya biya haya, ya sa 'ya'ya biyu a makaranta. Matarsa malamar firamare ce, mace mai haƙuri da yara amma marar haƙuri da manya. Tsakaninta da shi akwai wata tsohuwar rigima a kan bokiti. Kwalin da yake tara lalatattun makullansa ya yage bayan aurensu da 'yan shekaru, sai ya ari bokitin wankinta na ƙarfe, wai zuwa jibi. Shekara biyar kenan bokitin yana ƙarƙashin kantar shagon, kuma duk ranar wanki sai ta tuna masa.

Shi kuwa bashin karatu yana nan bai manta da shi ba. Tsarinsa shi ne, duk shekara mai zaman kansa zai cika fom ya faɗi ribarsa. In ribar ta haura wani layi da aka ja, sai a caje shi haraji a kuma karɓi kason masu bashi, in ba ta kai ba a ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi. Digiri ba macuci ba ne, shekara uku ya haura layin kuma ya biya, ko da yake sai da duk layin masu gyara suka ji a jikinsu saboda mita. Abin da ya fi ba matarsa haushi shi ne da kuɗin makulli ake biyan bashin karatun noma, amma makullin ne ake jin kunyarsa.

Sai motoci suka canza hali. Direba zai zo da makulli mai kan roba, a yanka masa daidai, ya shiga ya murɗa, mota ta yi shiru. A cikin kan robar akwai wani ɗan abu da sai an haɗa shi da kwamfutar motar kafin ta yarda ta tashi. Kullum Digiri yana mayar da mutum biyu ko uku zuwa wancan gefen gari, yana kallon kuɗi suna fita da ƙafarsu. Ya daure ya shiga kwas na mako shida, yana rufe shago da safe, ya biya kuɗin da ya kai ribar wata uku. Ya kuma ɗauki na'urar haɗa makullan a kan biya huɗu, da sharaɗin in ya saɓa ko ɗaya kamfani zai zo ya ɗauke abinsa. Ya yi biya uku, kuɗin na huɗu yana ajiye.

A wurin kwas ɗin ne malaminsu ya ce su adana rasit, domin mai zaman kansa yana iya cire kuɗin horo daga ribarsa kafin a yi masa lissafin haraji. Digiri ya zauna da biro ya buga, ya ga in aka cire kuɗin kwas ribarsa ta bana ba ta kai layin ba. Ya cika fom yana fito, ya aika. Bayan mako uku wasiƙa ta zo: ba a amince da cire kuɗin horon ba, ribarsa ta haura layi, ga haraji ga kason bashin karatu, a biya cikin kwana talatin. Da ya haɗa biyun sai ya ga kusan daidai suke da kuɗin biyan ƙarshe na na'ura. Kuɗi ɗaya ne, masu jiransa biyu, kuma in ya ba ofis to na'urar ta tafi.

Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin. Ya karɓi lamba, ya zauna a kujerar roba mai karyayyen hannu, ya ga masu lamba bayan tasa suna shiga gabansa, har aka kira shi taga ta uku. Jami'ar dattijuwa ce mai tabarau da igiya a wuya, irin mutanen da ba sa ɗaga murya don sun san takarda tana bayansu. Ta yi masa bayani a nutse cewa horon da mutum ya yi don ƙara ƙwarewa a sana'ar da yake yi, shi ake cirewa, amma wanda ya yi don shiga sabuwar sana'a ba a cire shi. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta ta nuna da biro.

“Malam, a nan kai mai ba da shawara ne kan ƙasar noma. Makulli sabuwar sana'a ce a wurinka.”

“Sabuwa? Hajiya, shekarata tara ina yanka makulli.”

“To me ya sa ba ka rubuta haka ba?”

Ta ce gyara mai sauƙi ne, abu biyu kawai ake so: ya cika fom ɗin gyaran sana'a da hannunsa, ya kuma kawo shaida mai kwanan wata da ke nuna ya daɗe a aikin. Ya zaro littafin rasit, ta duba sama ta ga ofishin shawara, ta duba ƙasa ta ga kuɗin hidima shafi bayan shafi. Ya nuna mata hoton shagon a wayarsa, sai ga allo ya cika hoton. Takardun inji kuwa da sunan kawu suke. Shekara bakwai yana share sawun sana'arsa da hannunsa, yanzu ga shi yana neman sawun yana zufa. Ta miƙo masa fom ɗin gyaran, ya ƙi karɓa, ya ce shi mutum ne da ya yi karatu, ya fita ransa a ɓace.

Mai hankali da ya koma washegari ya karɓi fom. Digiri kuwa kwana huɗu ya yi yana rubuta wasiƙa mai shafi uku, inda ya yi bayanin cewa noman zamani ba ya yiwuwa sai da tarakta, tarakta ba ta tashi sai da makulli, saboda haka kwas ɗin makulli reshe ne na harkar noma. Ya karanta wa maƙwabcinsa, Baba mai agogo, tsoho ya saurara har ƙarshe da madubin gyara a idonsa ɗaya, sannan ya ce rubutun ya yi kyau, amma in shi ne ba zai kai ba. Digiri ya kai. Jami'ar ta karanta duka shafi ukun, abin da ya kamata a yaba mata, sannan ta tambaye shi tarakta nawa ya taɓa yi wa makulli. Ya ce ɗaya. Ta ci gaba da kallonsa ta saman tabarau, ya ce to, na akwatin kayan aikin da ke bayan taraktar ne. Ta mayar masa da wasiƙar tare da fom ɗin gyara a kai, ta kira lamba ta gaba.

Saura kwana tara, ranar wata Asabar da safe, matarsa tana durƙushe tana wanki a robar da ta aro daga maƙwabta, shi yana zaune a bakin ƙofa yana zagin ofis da masu ofis da wanda ya ƙirƙiro fom. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Da ya kai inda yake cewa ina zai samo musu shaida mai kwanan wata, sai ta yarfe kumfa daga hannunta ta miƙe.

“Baban yara, ka kai musu bokitina. Kowane makulli a ciki da kwanan watansa, da rubutunka. In sun gama kallo ka dawo mini da abina.”

Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce wato ya ɗauki kurakuransa na shekara tara ya zube su gaban jama'a a ofis? Ta ce ai ba kurakuran ne abin kunya ba, abin kunya shi ne magidanci ya bari a ɗauke na'urar da 'ya'yansa za su ci abinci da ita saboda kalma uku da ya kasa rubutawa. Ta ƙara da cewa ita mai yanka makulli ta aura, ta kuma sani tun ranar da ya zo gidansu da ƙurar ƙarfe a farcensa, kuma ba ta taɓa jin ta yi asara ba sai in ya buɗe baki yana zancen wucin gadi. Maganar ta shige shi sosai, amma maimakon ya amsa sai ya ce zai makara, ya fice.

Kwana biyar ya ƙara yana jan ƙafa. Kamfanin na'ura suka kira sau biyu, da ladabi a na farko. Ranar Alhamis wani direban tasi ya zo a gigice, makullinsa ɗaya tilo ya faɗa ruwa ya daina aiki, motar tana bakin titi, iyalinsa kuma da ita suke ci. Digiri ya yanka sabo, ya ɗauki na'urar ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya danna abin da zai danna, cikin minti goma mota ta tashi. Direban ya kama hannunsa da hannu biyu. Digiri ya koma shago ya zauna, ya ji wani daɗi da bai taɓa yarda yana ji ba, sai kuma haushin kansa ya biyo baya. Ya sunkuya ya jawo bokitin daga ƙarƙashin kanta, ya ga ya fi yadda yake zato nauyi.

Tafiyar kanta azaba ce. A bas ɗin safe bokitin yana ƙara a kowane rami, mutane suna leƙawa suna kallon juna, wata mata ta matse jakarta. A ƙofar ofis mai gadi ya tsare shi, ya kira wani mai gadin, suka yi ta jujjuya makullan suna tambayar na gidajen su wane ne. Sai da ya rantse musu cewa babu ko ɗaya a ciki da yake aiki, shi ya sa ma aka ajiye su. Da lambarsa ta fito ya ɗora bokitin a kan kantar taga ta uku, jami'ar ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ɗauki makulli ɗaya ta karanta kwalinsa, ta ɗauki na biyu, sannan ta rufe tagar ta ce ya biyo ta.

A wani ɗan ɗaki mai dogon tebur suka juye su. Ta ce a ware su shekara-shekara don ta ɗauki hoto ta sa a fayil. Suka yi ta warewa, ƙurar ƙarfe tana baƙanta mata yatsu. Shekarar farko ta yi tudu, ɗari biyu da wani abu. Ta biyu ba ta kai rabin haka ba. Haka tudun ya yi ta raguwa har ƙarshen tebur, inda bara take da makulli shida, bana biyu. Digiri bai taɓa ganinsu a jere ba, shi dai jefawa yake yi ya tura bokitin da ƙafa. Ya tsaya yana kallon tebur daga wannan kai zuwa wancan, kunyar da ya shigo da ita ta rasa inda za ta zauna.

Jami'ar ta ɗago wani makulli daga tudun farko, bakinsa a lanƙwashe kamar mota ta taka shi, ta ce wannan ba rubutunsa ba ne. Ya karɓa. Manyan haruffa ne karkatattu, na mutumin da biro bai saba da hannunsa ba, kuma ya gane su nan take. Kwanan watan na makonsa na farko ne, ranar da ya yi jifa da makulli ya tafi gida. Kawu ne ya fita titi ya tsinto shi, ya ajiye, daga baya ya ɗaura masa kwali irin wanda yake yi wa dariya, ya jefa cikin sauran bai gaya wa kowa ba. Digiri ya kasa karantawa da murya, sai ita ta karanta.

“Ya jefar da wannan don fushi. Hannunsa ya fi nawa, bai sani ba tukuna.”

Shekara bakwai da rasuwar kawu bai yi kewarsa irin ta wannan lokacin ba, ya kuma ji nauyin allon da ya kafa a kan rubutun mutumin. Jami'ar ta yi kamar tana gyara kyamarar wayarta har ya gama goge ido. Sannan ta tura masa fom ɗin gyara da biro. Ya cika suna, ya cika lamba, ya zo layin sana'a ya rubuta mai yanka makulli, abin da bai ɗauke shi ko minti ɗaya ba. Ta buga hatimi, ta ce za a cire kuɗin horon, wasiƙar kwana talatin ta faɗi. Ta kuma tuna masa cewa bashin karatu yana nan, baɗi in na'urar ta yi aiki zai haura layi ya biya. Ya ce ya sani, ya tambaya ko zai iya tafiya da makulli ɗaya a aljihu, ta ce ai duka nasa ne.

Ranar Litinin ya yi biyan ƙarshe na na'ura. Da ya dawo ya ari tsani wurin mai facin taya, Baba mai agogo ya riƙe masa, ya hau ya zare ƙusoshi huɗu. Allon ya sauko da ƙura da gidan gizo-gizo. A bango ga tsohon rubutun kawu, da zanen babban makulli da ya yi da fenti baƙi, ya ɗan kode amma ana ganinsa daga tsallaken titi. Tsoho ya ɗaga kai ya kalla, ya tambaye shi ko wata ukun ne suka cika. Digiri ya ce sun cika, Baba. Ya juye makullan a wata tsohuwar jakar kayan aiki, ya ɗauraye bokitin a famfon layi, ya rufe shago da wuri ya kai wa matarsa abinta.